Shirin Ko-ta-kwana a Legas: Tambayoyi da Amsoshi ga 'Yan Arewa Mazauna Kurmi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa a fadar sarakunan Hausawa, da harabar masallatai, da tarukan ƙungiyoyin 'yan kasuwa, tun daga Agege da Mile 12 har Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago, musamman idan damina ta kankama ko an tashi da labarin gobara. Mun fara da hukumomi da lambobin kira, sannan muka gangaro kan abin da ya rataya a wuyan mai gida da mai shago.

Wace hukuma ce ke da alhakin kai ɗauki idan bala'i ya auku?

Tsarin Najeriya hawa uku ne. A sama akwai Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999, kuma mataimakin shugaban ƙasa ne ke jagorantar majalisar gudanarwarta. A tsakiya kowace jiha tana da tata hukumar. Ta Legas ita ce LASEMA. A ƙasa kuma kowace ƙaramar hukuma ya kamata ta kafa kwamitin agajin gaggawa. Ƙa'idar ita ce ƙaramar hukuma ta fara, abin ya fi ƙarfinta jiha ta shigo, ya gagari jiha tarayya ta zo, har da sojoji idan ta kama.

A zahiri, a Legas LASEMA za ka fara gani, tare da 'yan kwana-kwana na jiha, da motocin asibiti na LASAMBUS, da 'yan sanda, da jami'an LASTMA masu buɗe hanya. NEMA tana da ofishi a Legas, tana fitowa a manyan lamurra. Hawan ƙasa shi ne gurgu: a wurare da dama a faɗin ƙasar nan kwamitin ƙaramar hukuma suna ne a takarda. Shi ya sa minti 20 ko 30 na farko kusan kullum a hannun maƙwabta suke.

Wace lamba zan kira, kuma me zan faɗa?

112 ko 767. Duka kyauta ne, ko babu kati a wayarka. Ka fara da wurin, domin idan layi ya yanke, shi ne abin da ya fi amfani: sunan unguwa, tashar bas mafi kusa, sunan titi, da wata alama da kowa ya sani kamar gidan mai ko gada. Bayan nan ka faɗi abin da ya faru, da mutum nawa abin ya shafa, da ko akwai wanda ya maƙale a ciki. Kada ka riga su kashe waya.

Kada ka sa rai wanda zai ɗauka yana jin Hausa. Turanci, broka ko Yarbanci za ka tarar. Idan bakinka bai faɗa ba, tun yau ka san wa za ka miƙa wa waya a layinku. Ka kuma rubuta cikakken adireshin gida ko shago ka manna a bayan ƙofa, don mutane da yawa sun shekara a wuri ba su san sunan titinsu na hukuma ba, sai sunan da 'yan unguwa suka raɗa masa. Da an kira, a tura yaro mai wayo bakin babban titi ya tari motar.

Me ya sa masu kai ɗauki ke makara?

Cunkoson Legas sanannen abu ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Sau da yawa motar kwana-kwana takan iso unguwa ta kasa shiga: get ɗin layi a kulle mai makulli ba ya nan, an baje kaya ko an ajiye tirela a hanya, rumfuna sun cinye rabin titi, ga 'yan kallo da wayoyi a sama. Ruwan da mota ɗaya ke ɗaukowa kuma cikin 'yan mintoci yake ƙarewa idan ana fesawa da ƙarfi, kuma mafi yawan unguwanni ba su da famfon kashe gobara mai aiki, dole sai an koma ɗebowa. Akwai kuma jinkirin da mu ke jawowa: a ɓata rabin sa'a ana fama da bokiti, kowa yana zaton wani ya kira. A kira tun wutar tana ƙarama. Gara su zo su tarar an kashe. Jifan 'yan kwana-kwana don sun makara kuwa, ƙara wa wutar lokaci ne kawai.

Shin ƙasar nan tana da rubutaccen shiri, ko sai abu ya faru ake kame-kame?

Akwai shi. Akwai shirin kai ɗauki na ƙasa tun 2002, da tsarin kula da bala'o'i na 2010 wanda ya raba wa kowane hawa aikinsa, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da tsarin Sendai na 2015 zuwa 2030, wanda ya fifita rage haɗari a kan rabon agaji. Duk farkon shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma ta fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin Abuja da ƙofar gida. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan 2 da muhallansu. Ta 2022 ta kashe sama da 600, alhali an yi gargaɗi tun da wuri. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. Gargaɗin yakan fito da Turanci, a taron manema labarai, da sunan ƙaramar hukuma ba sunan unguwa ba, kuma ba ya gaya wa mutum inda zai koma. Har yanzu ƙarfin hukumomi ya fi karkata ga shinkafa da katifa bayan ɓarna, maimakon yashe magudanai da tanadin matsuguni kafin ruwa. Yadda unguwa za ta cike wannan giɓi yana cikin amsar ƙarshe.

Waɗanne unguwanni ne ambaliya ta fi shafa, kuma a wane lokaci?

Ambaliyar Legas iri uku ce, kuma rashin bambance su ke sa mutane sakaci. Ta farko ta ruwan sama ce, daga Afrilu zuwa Yuli, ta fi tsanani a Yuni da Yuli, sai ta dawo a Satumba da Oktoba. Garin shimfiɗe yake dab da teku, magudanai kuma cikin tafkin Legas suke zubewa. Idan ruwan sama ya haɗu da lokacin da teku ta cika, magudanar ba ta da inda za ta juye, sai ruwan ya komo baya. Wannan iri kan janye cikin sa'o'i idan kwatoci ba su toshe ba. Ruwan 10 ga Yulin 2011, wanda ya wuni yana zuba, shi ne misalin da tsofaffin mazauna ke tunawa.

Ta biyu ita ta fi shafar mutanenmu: ambaliyar kogin Ogun. Idan madatsar Oyan da ke kusa da Abeokuta ta cika aka saki ruwa, yawanci a Satumba da Oktoba, yakan gangaro ta Kara da Isheri, ya shiga Agiliti, Mile 12, Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu. Wannan ruwa yana iya shigowa da rana tsaka babu ko hadari, yana tasowa a hankali, kuma yakan yi makonni bai janye ba. Masu shanu da tumaki a Kara, da masu rumbun albasa da hatsi a Mile 12, su sa kunne ga sanarwar sakin ruwa fiye da yadda suke duban sama. Ta uku kuma tumbatsar teku ce a gaɓar Lekki da Victoria Island, wadda ta shafi masu gadi da masu kwana a filayen gini.

Me zan yi kafin damina?

A watan Maris ku haɗu ku yashe kwatar layi tun daga sama har inda ta haɗu da babbar magudana, a kwashe dattin a ranar, don idan aka bar shi a gefe ruwan farko zai mayar da shi. Leda da robar ruwa da kwanon abinci na soso su ne ke toshe ta. Gwamnatin jihar ta haramta na soson tun Janairun 2024. Ka tambayi wanda ya daɗe a gidan inda ruwa ya taɓa kaiwa, ko ka duba shatin da ya bari a bango, sannan ka ɗaga kaya sama da wannan layi da aƙalla taƙi biyu. Buhunan hatsi a kan katako, ba a ƙasa ba. Soket ɗin da ke kusa da daɓe a sa mai gyaran wuta ya ɗaga shi. Kowane baligi a gidan ya san inda ake yanke wutar gida gaba ɗaya, kuma ya taɓa gwadawa da hannunsa.

Me ake zubawa a jakar ko-ta-kwana?

Abin da zai riƙe ku kwana 3, kuma mutum ɗaya ya iya ɗauka da gudu. Takardu a cikin leda biyu a ɗaure: katin NIN, katin zaɓe, katin LASRRA (rajistar mazauna jihar Legas), rasit ɗin haya, takardun shago, katin asibiti da na rigakafin yara. Ka ɗauki hotonsu ka tura wa ɗan'uwa a gida. Sai tocila, fawa-bank a cike, ƙaramar rediyo, ashana, sabulu, gidan sauro, maganin da wani ke sha kullum kamar na hawan jini ko sukari, fakitin ORS (haɗin gishiri da sukari na masu gudawa) kamar 10, da abin ci marar dahuwa irin su garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino da sukari. Ruwan sha lita 3 ga kowane mutum a rana shi ne mafi ƙaranci. Idan aka haɗa da girki da tsafta ana lissafin lita 15. Jarkoki biyu masu lita 25 a cike, a rufe, a ajiye a gida, suna yi wa ƙaramin iyali babban amfani.

A ajiye tsabar kuɗi ƙananan canji, domin ranar da babu wuta da sabis, POS da taransifa ba sa aiki. Lambobin mutum biyar a rubuta su a takarda. Wanda ke kwana a shago, ko masallaci, ko gareji, nasa ya fi sauƙi: takardu, tocila da kuɗi a jaka ɗaya da yake matashi da ita. Tara jarin shekara a cikin akwatin shago kuwa, gobara ɗaya ta isa.

Ruwa ya fara shigowa gida. Mu zauna ko mu fita?

A yanke wuta tukuna, da busasshen hannu, kana tsaye a busasshen wuri. Idan ruwa ya riga ya kai ga mita ko soket, kada ka taɓa, ku fita kawai. A rufe tukunyar gas. Idan ruwan kogi ne, wanda aka bayyana a tambayar unguwanni, ku tashi tun yana idon sawu, da rana, a fara da yara, tsofaffi da masu ciki. Jira ya kai gwiwa cikin dare shi ke jawo asarar rai.

Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, santimita 30 kuma yana ɗaga ƙaramar mota. A Legas haɗarin ya ninka saboda kwatoci a buɗe suke, ruwa ya shafe bambancin titi da rami. Idan tafiya ta zama dole, ka riƙe sanda kana dogarawa a gabanka, ka bi tsakiyar titi, ka nisanci turakun lantarki da taransifoma. 'Yan acaba da masu Keke, kada kuɗin fasinja ya ruɗe ku ku faɗa ruwan da ba ku ga ƙasansa ba.

Me ke haddasa gobarar kasuwa, kuma wace tukunyar kashe wuta ta dace?

Yawancinta da dare take tashi, kuma daga waya: an ja layi ɗaya siriri an ɗora masa firji, fanka da hita, an yi haɗi an naɗe da leda, an tafi gida ba a kashe komai ba, sai a dawo da wuta da ƙarfi cikin dare. Sai fetur ɗin janareta da ake ɓoyewa a shago, da murhun mai shayi ko mai tsire da ba a kashe sosai ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, komai a bushe yake. Maganin farko arha ne: makunni ɗaya a bakin ƙofa da ke yanke wutar shago duka, a kashe kafin a sa kwaɗo.

Tukunya mai hoda ta kilo 6 ko 9 ita ta fi dacewa da shago, don tana kashe wutar kaya, ta mai da ta lantarki. A rataye ta kusa da ƙofa, ba can ƙurya ba. Allurarta ta tsaya a kan kore, a riƙa juya ta ana girgizawa duk wata don kada hodar ta dunƙule. Wajen aiki: zare fil, tsaya taku biyu zuwa uku, ƙofa a bayanka, saita gindin wutar ba harshenta ba, matsa kana kaɗawa hagu da dama. Ba ta kai rabin minti take ƙarewa, saboda haka ta ƙaramar wuta ce. Ba a zuba ruwa a wutar fetur, ko man suya, ko lantarki. Wutar kasko murfi ake kifa mata. Hayaƙi ya cika ɗaki, a fita da rarrafe, kuma wanda ya fita kada ya koma ɗauko kuɗi.

Idan na ji warin gas fa? Janareta kuma ina ya kamata ya zauna?

Kada ka kunna ko ka kashe wani makunni, kada ka ƙyasta ashana. Rufe kan tukunyar, buɗe ƙofa da taga, fitar da kowa. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka mai barci a tabarma ya fi shiga haɗari. Ana gwada yoyo da ruwan kumfa a kan tiyo da mahaɗi. Inda ya yi ƙwai, nan ne. Tiyon da ya tsattsage a canza shi.

Hayaƙin janareta ba a ganinsa, kuma ya sha kashe iyali guda cikin barci. A ajiye shi a fili, kimanin mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon waje. Baranda, ƙarƙashin bene da lungun ɗakuna duk ba fili ba ne, ko da ana ruwa, ko da ana tsoron ɓarayi. Ciwon kai da jiri da suka kama mutanen ɗaki lokaci guda alama ce. A fita nan take. Ba a ƙara masa mai yana aiki ko yana da zafi.

Tanka ta faɗi mai yana zuba, ko bututu ya fashe. Yaya nisa ya isa?

Iya inda ka daina jin wari, ka ƙara. Ka nufi inda iska ke fitowa, ka hau tudu, don tururin mai kwari da kwata yake bi, wuta kuma ta biyo shi. A kashe injin babur da mota, a kashe murhu, a kira 112. Fashewar bututu a Abule Egba a Disambar 2006 ta kashe ɗaruruwa, akasari masu ɗibar mai. Tankar gadar Otedola a Yunin 2018 ta ƙone motoci sama da 50. A Majiya ta Jigawa, a Oktoban 2024, sama da mutum 150 suka rasu a irin wannan ɗiba. Bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta ya isa ya tayar da wuta.

Ta yaya zan gane gini na shirin faɗuwa?

Tsaga mai karkata da ke faɗaɗa, musamman a ginshiƙi ko inda dakin (rufin kankare) ya hau kansa. Ƙofofin da suka fara cijewa. Rodi a waje ya yi tsatsa kankare yana ɓarewa. Daɓe ya lotsa. Ƙara ko zubar yashi daga sama. Ka manna ɗan siminti a kan tsagar, idan ya rabe cikin kwanaki ginin yana motsi. Ana kai rahoto ga LASBCA, hukumar kula da gine-gine ta jiha, kuma gidan da ta yi wa alamar rushewa a bar shi komai arhar hayarsa. Benen Ita Faji ya faɗi a Maris 2019 da makaranta a cikinsa, mai hawa 21 na Ikoyi kuma ya rushe a ranar 1 ga Nuwamban 2021 ana cikin gininsa, ya kashe sama da mutum 40. Leburori da masu gadi da ke kwana a kangon gini su kiyaye musamman ranakun da aka zuba dakin ko aka cire katakon tallafi.

Idan ya riga ya faɗi, kada jama'a su hau kan ɓaraguzai, nauyinsu na danne na ƙasa. A yi tsit lokaci-lokaci a saurari bugu, a nuna wa masu ceto inda ɗakunan kwana suke da adadin waɗanda ba a gani ba.

Me ya sa amai da gudawa ke biyo bayan ambaliya?

Saboda ruwa ya haɗa masai da rijiya. Legas ta yi fama da kwalara a Yunin 2024. Bayan ambaliya a ɗauki duk ruwan rijiya, da na 'yan garuwa, a matsayin gurɓatacce: a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a sa maganin kulorin yadda aka rubuta a jikinsa a jira minti 30. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa tana iya kashe babba cikin sa'o'i. A fara ba shi ORS tun a gida, ana kan hanyar asibiti ana ba shi. Idan babu, lita 1 ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yara a haɗa musu da zinc na kwana 10 zuwa 14.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada a ɓoye marar lafiya, kada kuma a sa shi a motar Arewa wai ya je gida a yi masa magani. Tafiyar kwana guda ba ruwa a jiki ita ke ƙarasa shi, ga cutar an kai wa iyali. Wanda ya rasu da ita, a nemi jami'an lafiya su nuna yadda za a yi masa wanka da safar hannu da kulorin. A 2014 bin sawun duk wanda ya taɓa marar lafiya ne ya tsayar da Ebola a Legas, bayan Dakta Stella Adadevoh ta hana mutumin da ya shigo da ita barin asibiti.

Asibiti na iya ƙin karɓar wanda ya ji rauni sai an biya ko an kawo takardar 'yan sanda?

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana ƙin ba da kulawar gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta karɓar mai raunin harbi ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Manyan wuraren da ake kai masu rauni sun haɗa da LASUTH a Ikeja, LUTH a Idi-Araba, asibitin ƙashi na Igbobi, da sashen ƙuna na babban asibitin Gbagada. Kafin a isa: ƙuna a kwarara mata ruwa mai sanyi na minti 20, ban da ƙanƙara, man ja, ƙwai ko man goge baki. Jini a danne shi da tsumma mai tsafta ba ɗagawa. Wanda ake zaton ya karye a wuya ko baya kada a ciccibe shi a babur.

Gwamnati na biyan diyyar abin da aka rasa?

Agaji ake bayarwa, ba diyya ba, kuma bai cika kai kwatan asara ba. Jami'ai sukan zo su ɗauki sunaye cikin kwanakin farko. Wanda ba ya nan, ko ba shi da shaidar zama, shi ake tsallakewa, kuma 'yan ci-rani ne suka fi faɗawa nan. Katin LASRRA da rasit ɗin haya ko na shago, waɗanda aka ambata a tambayar jaka, su ne hujjarka. Ka ɗauki hoton ɓarnar kafin a share. Jihar tana da sansanonin agaji a Igando da Agbowa. Mai babban jari ya bincika inshorar gobara. Akwai ta takaful ga mai gudun kuɗin ruwa.

Me zango ko ƙungiyar kasuwa za ta tanada da kanta?

Rajista ce farko: sunan kowa, inda yake kwana, garinsu, da lambar wani nasa a gida. Ba tare da ita ba, babu mai iya cewa mutum nawa ne a ƙarƙashin gini. Sai wurin haɗuwa guda biyu, ɗaya a kusa, ɗaya a wata unguwa mai tudu, kowane yaro ya san sunansu. A fashewar bama-bamai ta barikin Ikeja ranar 27 ga Janairun 2002, sama da mutum 1,000 suka mutu, kuma mafi yawansu ba bam ne ya same su ba: gudu suka yi ba su san inda suka nufa ba, suka afka magudanar Oke-Afa da ciyawar ruwa ta lulluɓe.

A naɗa mutum ɗaya mai bin sanarwar NiMet da ta sakin ruwan Oyan ya mayar da ita Hausa, ya sa a rukunin WhatsApp da lasifikar masallaci, yana ambaton layuka da sunansu. Makullin get ya zama a hannun mutum uku masu kwana a kusa. Matasa biyar zuwa goma su koyi taimakon farko wurin Red Cross ko 'yan agajin ƙungiyoyin addini, su kuma gayyaci 'yan kwana-kwana su gwada musu aiki da tukunya. Sarkin Hausawa da shugaban kasuwa su zauna da Baale (mai unguwar Yarbawa) da ƙungiyar ci gaban unguwa tun lafiya lau, a yi musayar lambobi, don kwata ɗaya ce ta ratsa gidan Bahaushe da na Bayarabe. A ware wani kaso daga kuɗin ƙungiya na mako don cika tukwanen kashe wuta da hayar motar kwashe kaya, a kuma sabunta rajistar sau biyu a shekara: a Maris kafin ruwa, da Nuwamba lokacin da sababbin 'yan ci-rani ke sauka.